Wasiƙa zuwa ga Kundin Final Kod

Zuwa ga Dattijo, Kundin Final Kod,
Mazaunin teburin alƙalai, Abuja da jihohin Arewa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da ladabi irin wanda ya kamaci dattijon da ya haura shekara 60 yana bakin aiki, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya a kan teburin da aka ajiye ka. Ina gajiya, ina fama da jama'a? Ina gaida alƙalan da ke buɗe ka kullum safiya, da magatakardan kotu, da masinjan da ke kaɗe maka ƙura. Dalilin wannan wasiƙa, kuka na kawo a kan yadda ake hukunta mutumin da ya yi laifi karon farko, kuma da sunanka ake yi. Na san ba ka da al'adar mayar da amsa. An yi maka wannan magana a jaridu, an yi ta a tarukan lauyoyi, iyaye mata sun yi maka ita da hawaye a bakin kotu, kana nan yadda kake. Duk da haka zan faɗa, zan kuma ɗaga murya, ko Allah zai sa wani abu ya shiga.

Kada ka ɗauka raini ne ya kawo ni. Na san asalinka. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, suka ba da shawarar a yi wa Jihar Arewa kundin laifuffuka guda ɗaya. Majalisa ta zartar da kai a 1959, ka kama aiki ranar 30 ga Satumba, 1960, ana gobe za a karɓi mulkin kai. Daga kundin Sudan aka yanko ka, shi kuma daga na Indiya na 1860. Ka ga juyin mulki, ka ga yaƙin basasa, ka ga an yanka Arewa jiha-jiha. Daga 2000 wasu jihohi sun kafa kundin Shari'a a gefenka, Kaduna kuma ta sake rubuta nata a 2017, amma a Abuja da kotunan majistare masu yawa har gobe kai ake buɗewa. Wanda ya daɗe haka ya cancanci a yi masa magana da ladabi, ya kuma cancanci a gaya masa gaskiya.

Kukana na farko ya shafi yadda kake faɗin hukunci. A sashe na 287 ka ce wanda ya yi sata a ɗaure shi har zuwa shekara 5, ko a ci shi tara, ko a haɗa masa duka biyun. A sashe na 288 ka ce idan cikin gida ya yi satar, har shekara 7. A sashe na 309, wanda ya karkatar da dukiyar da ba tasa ba zuwa amfanin kansa, har shekara 2, ko tara, ko duka. Sai ma'aikacin gwamnati da ya ci amanar abin da aka damƙa masa, wanda a sashe na 315 ka kai nasa shekara 14. Ko'ina iyakar sama kaɗai kake faɗa. Ka miƙa wa alƙali mudu, ka nuna masa baki ka ce kada ya wuce nan, amma ba ka gaya masa wa za a auna wa rabi ba, wa za a auna wa tafi guda. Tsakanin kwana 1 da shekara 5 akwai rayuwar mutum gaba ɗaya: aurensa, sana'arsa, karatun 'ya'yansa. Duk wannan fili ka bar wa alƙali shi kaɗai. Ba ka ce masa ya dubi girman abin da aka sata ba. Wanda ya ɗauki akuya da wanda ya kwashe garke, layi ɗaya ka rubuta musu.

Ka zo mu zauna a kotun majistare ko kotun yanki da safe, ka ga abin da ake yi da wannan fili. Za a fito da saurayi daga motar 'yan sanda, a karanta masa takardar tuhuma, a tambaye shi ko ya fahimta, ko ya aikata. Ba lauya a gefensa. Sau da yawa zai ce ya aikata, wani don gaskiya ya aikata, wani don an gaya masa tun a caji ofis cewa wanda ya amsa shi ke saurin komawa gida. Alƙali ya juya wurin ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya tambaya ko an taɓa kama shi da laifi. A ce babu labarin haka. Sai saurayin ya roƙi sassauci: sharrin Shaiɗan ne, yunwa ce, ba zai ƙara ba, shi ke ciyar da mahaifiyarsa. Kafin shayi ya huce an gama. Abin da ke fitowa galibi watanni ne, ko tara, wani lokaci da bulala, wadda ka yarda a yi har 12. Shekara 5 ɗin da ka rubuta ba kasafai ake jin ta ba a satar waya ko ta kaza.

Wannan ba shi ne abin da nake kuka da shi ba, ka ji ni da kyau. Alƙalin da ya ga yaro ɗan shekara 19 ya yi kuskuren farko ya ƙi binne shi shekara 5, ya yi daidai, Allah ya saka masa. Kukana yana kan abin da ke biyo baya, wato zaɓin tara. A takarda rahama ne. A bakin kotu kuwa, shi ne wurin da ake raba mutane gida biyu.

Ɗan wata maƙwabciyata, mai tuyar ƙosai a bakin layinmu, ya ɗauki wayar wani a shagon caji. Bai taɓa shiga hannun hukuma ba sai ranar. An samu wayar a aljihunsa, an mayar wa mai ita, ya amsa laifinsa. Aka yanke masa watanni, ko ya biya tarar da ba ta kai kuɗin buhun shinkafa ba. A zaman nan aka yanke wa wani saurayi irin wannan hukunci a kan irin wannan laifi. Kawunsa ya zaro kuɗi ya biya, kafin la'asar suna gida. Shi kuwa ɗan mai ƙosai motar gidan yari ya hau, domin jarin uwarsa kaf bai kai tarar ba. Kafin unguwa ta haɗa karo-karo a fito da shi, ya rasa gurbinsa a garejin da yake koyon gyaran babur, ya kwana cikin mutanen da suka fi shi sanin hanyar sata nesa ba kusa ba, ya dawo da ƙazwa da wani irin shiru da ba mu san shi da shi ba. Alƙali hukunci ɗaya ya yanke wa yaran nan biyu. Aljihu ne ya mayar da shi hukunci biyu, kai kuma kana kan tebur kana kallo.

Kada ka ce labarin unguwa ɗaya ne. A watan Nuwamba na 2023 Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya tsaya a gidan yarin Kuje ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 waɗanda ba abin da ya riƙe su sai rashin kuɗin tara ko diyya. Kuɗin da aka tara daga masu taimako don a fanshe su naira miliyan 585 ne. Ka raba da kanka, ba zai kai naira 150,000 kan mutum ɗaya ba. Mutum dubu huɗu da ɗoriya, waɗanda alƙalai da bakinsu suka ce ba dole ne su zauna a kurkuku ba, suna zaune a kurkuku. A lokacin mutanen da ke tsare a ƙasar nan sun haura 80,000, a gidajen da ba a gina su don su ɗauki ko 50,000 ba. Duk azumi sai ka ji wani bawan Allah ko wata ƙungiya sun je sun biya wa fursunoni tara. Allah ya ba su lada. Amma tsarin da sai mai sadaka ya zo kafin hukuncin alƙali ya tabbata yadda ya yi niyya, tsari ne mai ciwo.

Yanzu ka ba ni aron kunnenka sosai, domin nan ne zuciyata ta fi tafasa. A watan Janairu na 2013 aka gurfanar da John Yakubu Yusuf, babban jami'i a ofishin fanshon 'yan sanda, gaban Babbar Kotun Abuja. Ya amsa tuhuma 3 da suka shafi karkatar da fiye da naira biliyan 20, kuɗin tsofaffin 'yan sandan da suka ƙare ƙuruciyarsu a bakin titi da bakin daga. Da wane sashe aka kama shi? Da naka na 309. Mai shari'a Abubakar Talba ya yanke masa shekara 2 a kan kowace tuhuma, a yi su lokaci guda, ko ya biya naira 250,000 kan kowace ɗaya. Jimla naira 750,000. An ƙwace masa gidaje da wasu kuɗi, gaskiya ne, amma tarar nan take ya biya ta ya fita. A idonka shi ma mai laifin farko ne, daidai da ɗan mai ƙosai.

Ƙasa ta ɗauki zafi, Majalisar Kula da Harkokin Shari'a ta dakatar da alƙalin na shekara guda, kowa ya yi ta tsine wa hukuncin. Kai kuwa ba wanda ya taɓa ka, alhali kai ne ka ce iyakar wannan laifi shekara 2, ko naira 200 aka karkatar ko biliyan 20. Kai ne ka buɗe ƙofar tara ba ka ɗaura ta da girman ɓarnar ba. Kai ne ka sa wanda ya zare waya daga aljihu yana fuskantar shekara 5, wanda ya zare fanshon dubban mutane da biro yana fuskantar 2. Sai a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta gyara, ta ce ya yi shekarun ɗaya bayan ɗaya su zama 6, ya kuma biya naira biliyan 22.9. Shekara 5 aka yi kafin a kai nan, kuma an kai ne don duniya ta sa ido, hukumar EFCC ta ɗaukaka ƙara. Sashen da ya haifi wancan hukunci yana nan cikinka.

Na san abin da za ka ce da kana magana: ai an yi maka ƙanwa, Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015, ita ta zo ta cike giɓin. Na karanta ta, kuma akwai alheri a cikinta. A sashe na 416 ta hana a ɗora wa mai laifin farko iyakar hukunci. Ta ce a lissafa wa mutum zaman da ya yi yana jiran shari'a. Ta ce kurkuku na wanda ya zama dole a raba shi da jama'a ne. To, wa ya ci moriyar wannan? A 2018 Mai shari'a Adebukola Banjoko ta ɗaure tsohon gwamnan Taraba, Jolly Nyame, da tsohon gwamnan Filato, Joshua Dariye, shekara 14 kowannensu, wato ta cika mudun har baki. Kafin shekarar ta fita Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage na Nyame zuwa 12, na Dariye zuwa 10, bisa hujjar cewa masu laifin farko ne. A watan Afrilu na 2022 aka yi musu afuwa, cikin Agusta suka fito. Tun kafin wannan doka ma, a 2005, tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda Tafa Balogun wata 6 aka yanke masa a Babbar Kotun Tarayya, kuma cikin dalilan da aka bayar har da cewa karonsa na farko ne. Ba da kai aka kama shi ba, amma gidanku ɗaya.

Ban ce a hana su haƙƙin da doka ta ba su ba. Idan doka ta ce mai laifin farko ba ya shan iyakar hukunci, to gwamna ma mutum ne. Abin da ke ci mini rai shi ne, wannan haƙƙi sai da manyan lauyoyi ake karɓo shi, a bi shi daga kotu zuwa kotu har Kotun Ƙoli. Wanda aka yanke wa wata 9 a kotun yanki ba ya ɗaukaka ƙara, domin kafin a buga takardun shari'ar ya gama zaman. Kuma akwai bambancin da kai da ƙanwarka kuka kasa gani: mutumin da ya shekara yana ɗibar dukiyar jama'a kaɗan-kaɗan, takarda bayan takarda, ba laifi ɗaya ya yi ba. Kama shi ne aka yi karon farko. Tun muna makarantar allo aka karantar da mu labarin matar nan ta Banu Makhzum da manya suka nemi a yi mata ceto, da irin gargaɗin da ya biyo baya game da al'ummar da ke ƙyale babba ta hukunta ƙarami. Mutanen da kake hukuntawa sun san wannan labari, da shi suke auna ka.

Ga wani abin da ya fi wannan ɗaure kai. Ƙanwar taka, a sashe na 460, ta ba alƙali damar yanke ɗaurin je-ka-gyara-halinka, ko ya sa mutum aikin yi wa al'umma hidima, kamar shara ko gyaran magudanar ruwa, maimakon kurkuku. Amma ta ce ban da laifin da hukuncinsa ya wuce shekara 3. Kai kuma ka sa wa sata shekara 5. Idan aka bi harafin doka, yaron da ya ɗauki waya ya faɗa waje da wannan rahama, mai sashe na 309 kuwa yana ciki. Alƙalan da ke sa ƙananan ɓarayi sharar harabar kotu, tausayinsu ne ya kai su, ba taimakonka ba. A 2019 an yi dokar da ta sauya wa gidajen yari suna zuwa gidajen gyaran hali, ta kafa sashe na musamman mai kula da hukuncin da ba na ɗauri ba. Amma alƙali ba zai tura yaro shara ba idan babu jami'in da zai tsaya a kansa, babu ko rajistar da zai sa hannu.

Sai masu jiran shari'a, waɗanda su ne kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare. A kansu lissafinka gaba ɗaya ya rushe. Wanda ya ce bai aikata ba, ya kasa cika sharaɗin beli, zai zauna ana ɗage zama: yau mai gabatar da ƙara bai zo ba, gobe babu motar kawo fursunoni, jibi ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a. Laifin da da ya amsa wata 6 za a ba shi, sai ya shekara a kansa yana neman wanke kansa. Yaran unguwa sun gane wannan lissafi sarai, shi ya sa mai gaskiya ma yake amsa laifi. Wannan abin kunya ne a gare ka, ranka ya daɗe, ko da za ka ce ba kai ke ɗage zama ba.

Kada kuma wani ya ji wannan kuka ya ce maganin shi ne a ɗaure hannun alƙali da hukuncin dole. Mun ga inda wannan ke kaiwa. Dokar fashi da makami ta ce fashi ba ya kasa shekara 21, idan da makami kuwa kisa ne, ko karon farko ne ko na goma. Da irin wannan aka yanke wa wani matashi a jihar Osun hukuncin kisa a 2014, a shari'ar fashin da ta shafi kaji, wanda aka kama tun yana ɗan shekara 17, ya zauna har Disamba 2024 kafin gwamna ya yi masa afuwa. Dokar damfara ta 2006 kuma ta ce ba ƙasa da shekara 7 ba, babu zaɓin tara, amma mai lauya yakan daidaita da masu gabatar da ƙara a sauya masa tuhuma zuwa mai sauƙi, ya amsa, ya samu watanni. Ko an ɗaure hannun alƙali ko an sake shi, marar lauya ne ke kwana a ciki.

Na yi haƙuri, jama'a sun yi haƙuri, tura ta kai bango. Ga abin da nake roƙo, kuma ba abin da ya gagari majalisa a ciki. A raba laifin dukiya hawa-hawa gwargwadon abin da aka ci, yadda sashe na 309 ba zai ƙara zama mafakar mai biliyan ba, satar waya kuma ta sauko inda hukuncin da ba na ɗauri ba zai same ta. A ɗaura tara da ƙarfin mai biya. Wannan ba sabon abu ba ne a duniya: ƙasar Finland tun 1921 take auna tara da abin da mutum ke samu a rana, Jamus ta bi sahu a 1975. Kafin a tura mutum kurkuku don ya kasa biya, a tambaye shi abin da yake samu, a ba shi lokaci ya biya kaɗan-kaɗan, ko ya biya da aikin hannunsa. Babbar Kotun Abuja ta fitar da jagorar yanke hukunci a 2016. A yi irinta a kowace jiha, a fassara ta da Hausa, a manna a bangon kotu inda uwar yaro za ta iya sa a karanta mata. Kowace kotu kuma ta riƙa fitar da lissafin shekara: mutum nawa masu laifin farko suka zo gabanta, me doka ta tanada, me aka yanke, nawa ne suka tafi kurkuku don rashin kuɗin tara kawai.

Na san takarda ba ta gyara kanta. Saboda haka na yi kwafin wannan wasiƙa zan kai wa ɗan majalisar jiha mai wakiltar mazaɓarmu, da kwamishinan shari'a, da reshen ƙungiyar lauyoyi na garinmu. Idan suka yi mini kunnen uwar shegu kamar yadda ka saba yi, zan sake rubutowa, zan kuma zo da iyayen yaran su sa hannu.

Ka huta lafiya.

Naka mai ladabi,
Wani mazaunin unguwa da ke yawan zuwa bakin kotu.